Furosesar kwamfuta: a saya yanzu ko a dakata?

Duk wanda ya tara ƴan kuɗinsa zai sayi kwamfuta, ko zai sake wa tsohuwar tasa ƙwaƙwalwa, ba ya rasa mai ce masa ya ɗan dakata, wai sabon zubi na nan tafe, da ya fito na yanzu zai yi araha. Wannan shawara tana aiki a Paris ko a Dubai. A Maraɗi, Damagaram, Tawa, har ma da Yamai, aikinta kaɗan ne, domin farashin kayan kwamfuta a nan ya fi bin hanyar da kayan ke biyowa, da canjin kuɗi, da duwan, da tsadar sauran kayan da furosesa ba ta tashi sai da su. Ranar da Intel ko AMD suka fitar da sabon kaya tana zuwa ne a bayan waɗannan duka. A taƙaice, wanda kwamfutarsa ke hana shi neman abinci ya saya yanzu, amma kada ya sauka ƙasa da wani layi da za mu nuna. Wanda tasa ke yi masa aiki kuwa, babu abin da ke korarsa.

Mece ce furosesa

Furosesa, wadda ake rubutawa processeur ko CPU a takardun ƴan kasuwa, ɗan faifai ne mai faɗin kwalin ashana da ke zaune a tsakiyar babban farantin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira carte mère. Ita ke aiwatar da kowane umarni, tun daga harafin da aka danna har zuwa haɗa bidiyon biki. Cikinta cike yake da ƙananan makunnan lantarki da ido ba ya gani. Ta farko da Intel ya sa a kasuwa a 1971, mai suna 4004, tana da 2,300. Wadda Apple ya fitar a 2020, M1, tana da miliyar 16.

Kamfanoni biyu na Amurka, Intel da AMD, su ke riƙe da kusan duk kwamfutocin da ke aiki da Windows. Apple yana zana tasa don kwamfutocinsa kaɗai. AMD da Apple ba su da masana'antar kansu, kamfanin TSMC na Taiwan ne ke ƙera musu.

Lambobi biyu ne mai saye ya fi cin karo da su. Na farko yawan zukata, abin da Faransanci ke kira cœurs: kowace zuciya kamar ma'aikaci ɗaya ce a shago, mai zukata shida na iya raba aiki wa mutum shida. Na biyu saurin bugawa, da ake aunawa da GHz. Wannan na biyun shi ya fi ruɗin mutane. Pentium 4 ta kai GHz 3.8 tun a 2004, amma ƙaramar furosesar kwamfutar hannu ta yau da ke tafiya a ƙasa da haka ta ninka ta aiki sau da yawa, saboda a kowane bugu tana gama abin da waccan sai ta buga da dama. GHz ba ya kwatanta furosesa biyu sai in zubinsu ɗaya ne.

Yadda ake karanta sunanta

A nan ne kuɗin mutane suka fi salwanta. A kasuwa za ka ji ana cewa "Core i7 ce", a tsaya nan, kamar an gama magana. Alhali i3, i5, i7 da i9 matsayi ne kawai a cikin zubi ɗaya, kamar a ce ɗan fari da ɗan auta a gida guda. Sunan i7 yana nan tun 2008. Wanda ya ce maka i7 bai faɗa maka shekarunta ba.

Shekarun suna cikin lambar da ke biye. A sunan i5-8250U, lambar farko, wato 8, ita ce zubin: zubi na 8, na 2017. A i7-7500U zubi na 7 ne, na 2016. Daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ake karantawa, kamar i5-12400, zubi na 12. To ga abin lura: i7-7500U zukata biyu gare ta, i5-8250U kuwa huɗu. Wato i5 ɗin ta fi i7 ɗin ƙarfi nesa ba kusa ba, ko da yake sunan i7 ya fi cika baki, kuma ba wuya ka tarar an fi tsawwala mata kuɗi.

Harafin ƙarshe ma yana magana. U na nufin mai tsimin wuta ta kwamfutar hannu, H mai ƙarfi ce amma tana shan batir, T mai tsimin wuta ce ta kwamfutar tebur, K ta masu son ƙure gudu ce. Harafin F kuwa gargaɗi ne: furosesar Intel mai F ba ta iya fitar da hoto da kanta, sai an saya mata katin hoto na dabam. Wanda ya sayi i5-12400F don ta ɗan fi araha, ba shi da katin hoto, zai kunna kwamfuta ya ga allo baƙi ƙirin. A wajen AMD, a tsofaffin Ryzen na tebur har zuwa jerin 5000, abin a juye yake: masu harafin G, irin su 5600G, su ne ke fitar da hoto, sauran ba sa yi.

AMD ya ƙara ɗaure wa jama'a kai a 2023 da sunayen furosesocin kwamfutar hannu. Ryzen 5 7520U, 7530U da 7640U duk suna farawa da 7, sai a ɗauka tsara ɗaya ne. Lamba ta uku ce ke nuna ainihin ƙirar: 2 a cikin 7520U na nufin Zen 2, zanen 2019 da aka sake wa riga, 4 a cikin 7640U na nufin Zen 4, wanda ya zo shekaru uku bayansa. Shi ma Intel ya fara sabon suna, Core Ultra, a Disamban 2023, ya kuma ajiye sunayen Celeron da Pentium a sababbin kwamfutocin hannu. Amma masu Celeron, irin N4020 mai zukata biyu marasa ƙarfi, har yanzu suna cikin kwalaye a kantuna. Sabuwa ce fil, leda ma ba a cire ba, sai dai tsohuwar i5 zubi na 8 ta okaziyon ta fi ta komai.

Layin da Windows ya ja

Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta da ya saba aikowa, ya bar ƙarin wa'adi na shekara ɗaya ga wanda ya yi rajista. Windows 11, wanda ya fito a Oktoban 2021, ba ya karɓar kowace kwamfuta. Yana neman furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, in ban da ƴan ƙalilan na zubi na 7, ko Ryzen daga wasu na jerin 2000 zuwa sama, tare da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0.

Wannan layin ya raba kasuwar okaziyon gida biyu. Ma'aikatu da kamfanonin Turai da Amurka suna sauke kwamfutocinsu na zubi na 6 da na 7, kuma irin waɗannan kaya hanyar Afirka suke kamawa. Suna da kyan gani, ƙarfensu na da ƙwari, farashinsu na jan hankali. Masu gyara sun san dabarar cusa musu Windows 11 ta bayan fage, kuma yana tashi, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan kwamfuta gyara ba. Wanda zai buga takardu kawai ba tare da intanet ba, ko wanda ya iya Linux, irin su Ubuntu ko Mint, zai iya morar ta shekaru. Wanda zai riƙa shiga asusun banki, ko ya ajiye takardun ƙungiya da na abokan ciniki, bai kamata ya zuba kuɗinsa yau a ƙasa da zubi na 8 ba. In kuɗin hannu zubi na 7 kawai suka kai, a nan dakatawa ta yi rana: a ƙara wata ɗaya ko biyu a cika.

Furosesa ba ta tafiya ita kaɗai

Da farko, mai kwamfutar hannu ya cire ransa daga sake furosesa. Tun wajen 2015 kusan dukansu a like suke da dalma a jikin faranti, ba a zare su. Tambayar tasa ita ce ko ya sayi wata kwamfutar gaba ɗaya.

Mai kwamfutar tebur shi ke da zaɓi, shi ma da iyaka. Kowace furosesa tana da gurbin da take zama, kuma gurbin wani zubi ba ya karɓar wani. AMD ya fito da gurbin AM4 a 2016, ya riƙe shi daga Ryzen 1000 har zuwa 5000. A Satumban 2022 ya kawo AM5 tare da Ryzen 7000, daga baya kuma ya ce zai ci gaba da amfani da shi aƙalla zuwa 2027. Intel ya fi yawan sake gurbi: LGA1700 na 2021 ya ɗauki zubi na 12, 13 da 14, sannan a Oktoban 2024 aka koma LGA1851.

Abin da ya sa wannan ya shafi aljihu shi ne RAM, baret ɗin nan da furosesa ke shimfiɗa aikinta a kai. AM4 yana aiki da DDR4. AM5 da LGA1851 ba sa karɓar komai sai DDR5. LGA1700 kuwa ya danganta da farantin, akwai mai DDR4, akwai mai DDR5. Saboda haka mai tsohuwar kwamfuta da ya ce zai jira sabon zubi, abu uku yake shirin saye ba ɗaya ba: furosesa, faranti da RAM. Shi kuwa mai farantin AM4 da ke ɗauke da Ryzen na 2017 ko 2018, sau da yawa yana iya ɗora Ryzen 5 5600 ko 5600G a kan farantin nan nasa, da baret ɗinsa na da, bayan an sabunta BIOS. A ganina wannan shi ne ciniki mafi riba da ya rage a wannan fanni, kuma jira ba ya ƙara masa komai, don sababbin zubi ba wannan gurbin suke zuwa ba.

Me jira ke sayowa

Kamfanonin suna da lokutansu. Ana sanar da sababbin kaya a baje kolin CES na Las Vegas a watan Janairu, da na Computex a Taipei a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, kayan tebur kuma sukan shiga kasuwa tsakanin Agusta da Nuwamba. Intel ya fitar da zubi na 12 a Nuwamban 2021, na 13 a Oktoban 2022, na 14 a Oktoban 2023. Kowace shekara akwai sabo. Wanda ya ce sai sabo ya fito, ranar da ya fito za a fara maganar na bayansa.

Kuma ba kowane sabo ne ke kawo canji ba. Zubi na 14 kusan zubi na 13 ne da aka ɗan ƙara wa gudu. Ryzen 9000, da ya fito a Agustan 2024, masu gwaji sun tarar a wasanni kaɗan ya ɗara Ryzen 7000. Manyan tsallake ba su da yawa: zuwan Ryzen a 2017, zubi na 8 da ya ninka zukatan kwamfutocin hannu, M1 na Apple, da zubi na 12. Tsakaninsu ƙari ne da mai buga Word da Excel ba zai taɓa ji a hannunsa ba.

Farashi yana sauka, amma a hankali. Ryzen 5 5600X ta fito a Nuwamban 2020 a kan dala 299, dalar Amurka ke nan, ba dalarmu ta sefa biyar ba. A Afrilun 2022 AMD ya fitar da 5600, wadda kusan ita ce, a kan dala 199. Mai jira ya tsira da dala 100, bayan ya yi wata 17 yana haƙuri da tsohuwar kwamfuta.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba a rububin sabon kaya ranar fitowarsa. A 2024 Intel ya amsa cewa wasu furosesocinsa na tebur na zubi na 13 da 14, musamman manyan i7 da i9, suna jan wutar da ta wuce kima, abin da ke lalata su sannu a hankali har kwamfuta ta riƙa tsayawa. Ya fitar da gyara ta hanyar BIOS, ya ƙara garanti da shekara biyu, amma gyaran ba ya warkar da wadda ta riga ta lalace. Bature zai mayar da tasa a sake masa. Mutumin Damagaram da ya saya ta hannun ɗan kasuwar da shi ma ya saro a Dubai, wa zai mayar wa? Don haka i7 ko i9 na tebur na waɗannan zubi biyu, in na hannu ne, a yi taka-tsantsan da su ko da an karya farashi. Zubi na 12 ba ya cikin wannan matsala.

Abin da ke juya farashi a nan

Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, amma kayan kwamfuta da dalar Amurka ake sayensu a duniya. In yuro ya yi rauni, kaya sun yi mana tsada ko da masana'anta ba ta ƙara ko sisi ba. A Satumban 2022 yuro ya faɗi ƙasa da dala ɗaya, wato dalar ta haura sefa 655. Irin wannan motsi kaɗai yana iya cinye duk rangwamen da mai jira ke hange.

Ƴan Maraɗi da Damagaram suna da wata ƙofar, Kano. Tun da Najeriya ta saki naira a Yunin 2023 darajarta ta zube, mai sefa ya ga kamar komai ya yi araha a can. Amma mai sayar da kwamfuta a Kano shi ma da dala yake sarowa, kuma ba ya jinkirin sake farashi. Ribar canjin takan tsaya ne a kan tsohon kayan da ke cikin shago.

Sai hanya. Bayan 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya rufe iyakoki. An ɗage shi a Fabrairun 2024, amma gadar Gaya da Malanville ba ta buɗe ba a lokacin, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada. Furosesa ita kaɗai ƙarama ce, tana shiga jakar matafiyi, amma akwatin kwamfuta, allo da ondilar sai mota. A ƙara kuɗin duwan da harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari. Ɗan kasuwar da ya biya duk wannan bai san da wani baje koli a Las Vegas ba. Kayan da ya saro da tsada zai riƙe su a farashinsu har su ƙare, kuma ba laifinsa ba ne.

Babban abin da ya sauya lissafi a baya-bayan nan bai ma shafi furosesar kanta ba. Kamfanoni uku ne ke ƙera kusan duk RAM ɗin duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna saye da yawa kuma suna biya da tsoka, sai masana'antun suka karkata gare su. A watannin ƙarshe na 2025 farashin baret ɗin DDR5 ya ninka, wani wurin fiye da haka, DDR4 ma ya hau saboda ana rage ƙera shi. A Disamban 2025 Micron ya sanar da cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayansa masu tambarin Crucial. Waɗanda suka jinkirta haɗa kwamfuta a tsakiyar 2025 don furosesa ta sauka, abin da suka yi asara a RAM ya fi abin da suka samu. An ga irin haka tsakanin 2020 da 2022, lokacin da annobar korona ta haddasa ƙarancin kayan lantarki. Farashin wannan fanni ba kullum ƙasa yake yi ba.

Kafin a ɗora wa furosesa laifi

Yawancin kwamfutocin da ake kuka da nauyinsu a biro da shagunan buga takardu, furosesarsu lafiya lau take. Gwajin minti biyar ne. A buɗe ayyukan da aka saba yi, a danna Ctrl, Maj da Échap tare, Gestionnaire des tâches zai buɗe, a shiga Performances. In layin Disque ya manne a 100 alhali Processeur na wajen 20 ko 30, ma'ajiyar ce ke jan ƙafa. Tsohon disk mai juyawa ba ya wuce mega 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD na talaka yana kai 500, kuma ya fi shi saurin nemo ƙananan fayiloli nesa. Sake wannan kaɗai yana mayar da kwamfutar shekara bakwai kamar sabuwa, da kuɗin da bai kai rabin na furosesa mai kyau ba. In Mémoire ce ta cika, RAM za a ƙara: jiga 4 ya yi kaɗan a yau, 8 shi ne na fita kunya, 16 na mai aikin hoto da bidiyo. Sai in Processeur ce ke zaune a 90 zuwa 100 duk lokacin aiki, sannan maganar sake ta ta taso.

Ko a nan ma a duba zafi tukuna. Furosesa in ta kusa digiri 95 zuwa 100 tana rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. A watan Afrilu da Mayu, da zafin gari ke haura 40, ga ƙurar hunturu da ta toshe fanka tun watannin baya, kwamfuta na iya rasa kaso mai yawa na ƙarfinta ba tare da komai ya lalace ba. A kai wa mai gyara ya busa ƙurar, ya goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, wanda suke kira pâte thermique, ya shafa sabo.

Zafi da wuta su ma suna cikin zaɓin abin da za a saya. Furosesa mai U tana cin wajen wat 15, mai T 35, ta tebur ta yau da kullum 65, i9-13900K kuwa tana iya kaiwa 253. A ɗakin da ba na'urar sanyaya iska, ga ɗaukewar kuran, ga mai dogaro da faifan sola da batir, babbar furosesa nauyi ce. Ƴan ƙananan kwamfutocin biro na okaziyon, irin HP EliteDesk Mini, Dell OptiPlex Micro ko Lenovo ThinkCentre Tiny, masu ɗauke da i5-8500T mai zukata shida, sun fi dacewa da yawancin shagunanmu. Rarar kuɗin a sa a ondilar mai kyau. Hawa da saukar wuta ya fi tsufa kashe faranti.

Wa zai saya, wa zai dakata

Wanda kwamfuta ce jarinsa, lissafinsa mai sauƙi ne. A ce mai haɗa bidiyon bukukuwa yana karɓar jika 25 a kan aiki ɗaya, kuma nauyin kwamfutarsa na sa ya mayar da aiki biyu a wata. Jika 50 ke nan. In ya jira wata shida ya bar jika 300 a hanya, don ya tsira da ƙila jika 20 ko 30 a kan furosesa. Misali ne kawai, kowa ya sa nasa lambobin, amma da wuya amsar ta sauya. Haka mai zanen gine-gine da AutoCAD, da mai ɗab'in katunan aure. Haka ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ko André Salifou, ko Djibo Hamani, ko Abdou Moumouni da ke da kundin kammala karatu a gabansa: ranar gabatarwa ba ta jiran Computex, kuma i5 zubi na 8 zuwa 11 mai SSD da RAM jiga 8 ta ishe shi.

Dakatawa tana da ma'ana a wurare ƙalilan. Akwai wanda muka ambata, mai kuɗin da ba su kai layin zubi na 8 ba. Akwai mai son haɗa sabuwar kwamfutar DDR5 tun daga tushe don sha'awa ko wasa, alhali tasa na aiki: shi RAM zai sa wa ido, ranar da baret ya sauko ita ce ranarsa. Akwai wanda zai sayi faranti mai tsada alhali an riga an sanar da ranar fitowar sabon gurbi nan da ƴan makonni. Wannan ya jira, don kada ya sayi gurbin da aka rufe wa ƙofa. Sanarwar kamfani da rana muke nufi, ban da jita-jitar YouTube. Sannan duk kayan da bai yi wata uku ko huɗu a kasuwa ba, a bar waɗanda ke da garanti a kusa su fara ɗanɗana shi.

Tambarin AI da ake liƙa wa sababbin kwamfutoci bai isa dalilin jira ko ƙarin kuɗi ba. Yana nufin akwai wani sashe na musamman a cikin furosesar, NPU, na wasu ƴan ayyuka a cikin Windows. ChatGPT da ire-irensa a can cibiyoyin kamfanoninsu suke aiki, abin da suke nema a wajenka intanet ne, tsohuwar kwamfuta ma tana buɗe su.

Ranar saye

Kada a yarda da takardar da ke like kusa da madannai, ana sayar da irinta a ɓalle. A kunna kwamfutar a gaban mai shago, a buɗe Gestionnaire des tâches, a karanta cikakken sunan furosesar da yawan zukatanta. Ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna CPU-Z, da za a iya zuwa da ita a kile, tana nuna har sunan faranti da irin RAM. A bar kwamfutar ta yi rabin awa tana aiki mai nauyi, a saurari fanka, a ga ko za ta mutu da kanta.

In furosesa ce ita kaɗai, a duba bayanta da kyau. Ta AM4 tana da ƴan allurai da ke lanƙwashewa cikin sauƙi. A Intel da AM5 alluran suna cikin gurbin faranti, can za a haska. Wadda aka rubuta wa Intel Confidential a ka samfurin gwaji ce da ba a yi don sayarwa ba, a bar ta ko nawa aka ce. Mai ɗora Ryzen 5000 a kan tsohon faranti ya sabunta BIOS tun tsohuwar furosesar na ciki, domin in ya riga ya cire ta farantin na iya ƙin tashi, kuma a yi wannan aiki a kan ondilar, don ɗaukewar wuta a tsakiyarsa na iya kashe farantin.

A nemi takardar ciniki mai ɗauke da cikakkiyar lambar, i5-8350U misali, ba "Core i5" kawai ba, da adadin kwanakin da za a iya mayarwa. Wanda ya sayo kwamfutar hannu daga Kano ko Dubai kuma ya dubi madannai: galibinsu QWERTY ne, babu é, è da ç a kansu, kuma mai buga Faransanci kullum zai so a ce ya tambayi kuɗin sake su kafin a gama ciniki.